Notin Da Ya Tsayar Da Ja'iri

Ranar da Khalilu ya fara ganin Asiya, sai da ya sha duka a ƙauri tukuna.

Da hantsi ne. Yana wucewa ta ƙofar gidan Malam Zubairu a Unguwar Ɗinya, ɗaya daga ƙauyukan da ke noman rani da ruwan dam ɗin Watari, da farin tiyonsa naɗe a kafaɗa, sai ga wani abu mai taya biyu ya fito daga soro a guje kamar an koro shi. Tsawonsa bai wuce kwalbar lemo ba, ga ɗan kai na roba da idanu biyu masu koren haske. Ya ƙwala masa a ƙafa, ya kife, tayoyin suna ta juyawa a sama.

"Subhanallahi! Wannan kuma ɗan gidan wa?"

"Don Allah, Malam, kar ka taka shi!"

Wata budurwa ce ta biyo shi, hijabi a karkace, sukundireba a hannu, idanu sun yi ja don takaici. Ta durƙusa ta ɗauke shi tana hure masa ƙasa.

"Ja'iri kawai," ta ce da abin. "Kwana tara kana wahalar da ni."

Khalilu ya manta da ƙaurinsa sam.

Asiya 'yar Malam Zubairu ce, tana ajin ƙarshe a jami'a a Kano, tana karatun injiniya. Aikin kammala karatunta shi ne wannan mutum-mutumi, da ta sayo a kwali gutsi-gutsi: tayoyi daban, batir daban, wayoyi kamar taliya. Za ta haɗa shi, ta rubuta masa umarni a kwamfuta, ya tsaya da kansa a kan taya biyu minti biyar cur a gaban malamanta, in an ture shi da yatsa ya dawo daidai. Saura sati huɗu.

Bara ma a wannan aiki ta faɗi, ta maimaita shekara. Malam kuwa ya riga ya yanke magana: bana ce ta ƙarshe. In an samu, alhamdulillahi. In ba a samu ba, ta tattaro kayanta ta dawo gida, shekara shida su tafi a banza, masu cewa "mace da injiniya?" su sha dariya.

"Kullum ƙofa yake nufa?" Khalilu ya tambaya.

"Kullum. Kamar mai jin kiran uwarsa."

"A ina kike tashinsa?"

Ta dube shi sama da ƙasa, da taɓon gona har gwiwa. Ta amsa dai don kar a ce ta yi wulaƙanci. Ta ce kafin ta kunna shi takan jingina shi da wani ɗan akwati a daɓen soro, don na'urar da ke cikinsa ta haddace cewa haka tsayuwa take.

Sai ya yi dariya.

"Abin dariya na faɗa?"

"Yi haƙuri, Injiniya. Marigayi babana ne ya yi daɓen soron nan. Da gangan ya karkata shi wajen ƙofa, don ruwan damina ya fita. Duk ƙauyen nan babu daɓen da ba shi da gangare. Kin koya wa yaronki karkace ne, shi kuma ya riƙe karatu."

Asiya ta dubi daɓen. Kwana tara tana zargin waya, tana zargin batir, tana zargin mutanen da suka ƙera shi, ashe ƙasan gidansu ce.

Sana'ar Khalilu ke nan, daidaita fangali, wato filayen noman rani, don ruwa ya kwanta ko'ina daidai. Ya kwance tiyonsa, ya cika shi da ruwa daga buta, ya ba ta baki ɗaya ya riƙe ɗaya. Suka shimfiɗa katako, yana cusa sakaina a ƙarƙashi, har ruwan bakin nan da na wancan suka tsaya a layi guda da katakon.

"Gwada yanzu."

Ta jingina, ta kunna, ta saki. Ja'iri ya yi rawa, ya yi gaba, ya yi baya, ya tsaya. Sakan goma sha ɗaya, sannan ya faɗi.

Asiya ta yi ihun da ya sa mahaifiyarta, Inna Rahmatu, leƙowa daga cikin gida da muciya a hannu.

Daga ranar, hanyar gonar Khalilu ta koma ta ƙofar gidan Malam, ko da gonar tana gabas ne gidan yana yamma. Yakan tsaya daga bakin soro, Inna na zaune daga ciki tana tsince shinkafa, ya riƙe waya yana ƙirga sakan. Asiya na ta sauya lambobi a kwamfuta tana tsaki. Yau abin ya tsaya sakan arba'in, gobe ya koma bakwai ba dalili. Rannan waya ta tsinke. Rannan rana ta yi lullumi, sola ta ƙi caji. Sau biyu ta ɗaga shi za ta maka da bango.

"In kin gaji da shi ki ba ni," in ji Khalilu. "Zan sa shi korar tsuntsaye."

"Ba za ka daina tsokanata ba ko, Mai Tiyo?"

"In na daina, wa zai sa ki dariya?"

Saƙo kuwa ya fara kai-komo.

"Injiniyata, yau na daidaita fangali takwas, duka sun kwanta lafiya. Zuciyata ce kawai ta ƙi, wajen soronku take gangarawa. Ya Ja'iri?"

"Minti biyu da sakan shida! Ka rage zaƙin baki, ka zo da tiyo gobe, akuya ta ture katakon."

"Ko ba akuya zan zo, sanyin idona."

Ta daɗe tana kallon kalmomin nan biyu na ƙarshe kafin ta kife wayar a cinya.

Ranar da Ja'iri ya kai minti huɗu da rabi, ranar Malam Zubairu ya dawo daga Zariya, inda ya yi sati biyu wajen ziyarar malaminsa. Ya yi sallama a soro, ya tsaya cak. Ga abu a tsaye a tsakar ɗakin da yake karantarwa, da kai, da idanu, yana kallonsa.

"Asiya. Mene ne wannan?"

"Aikin makaranta ne, Baba."

"Aikin makaranta da ido? Ni da nake gaya wa mutane kar su ajiye sura mai kama da mai rai a gida, ni ne zan kwana da ita a sorona? Fitar da shi."

"Baba, saura kwana goma sha biyu..."

"Na ce ki fitar da shi."

Khalilu, da ya riga ya zube gefe yana gaisuwa, ya yi ƙarfin hali.

"Allah ya gafarta Malam, in aka cire kan fa?"

Malam ya juyo ya ƙare masa kallo. Ya shafa gemu.

"In babu kai, ba sura ba ce. Ya zama ƙarfe da roba."

Asiya ta yi saurin lissafi. Ba komai a cikin kan sai fitilu biyu, ado ne kawai. Ta sa sukundireba ta kwance shi da hannunta. Malam ya karɓa da yatsu biyu ya miƙa wa Khalilu.

"Ka fasa shi, ka jefar nesa da gidana. Sannan kuma, ɗan marigayi, ni ba yaro ba ne. Na ga abin da ke kawo ka. Shekara shida ina haɗiye maganganun mutane a kan karatun yarinyar nan, ba zan bari a zo gaɓar ƙarshe wani ya raba mata hankali ba. Kar na sake ganin ƙafarka a ƙofar nan. In ta faɗi kuwa, kai zan riƙe, kuma ba ni ba kai."

"Na ji, Malam," in ji Khalilu, murya ƙasa-ƙasa. Ya sa kan a aljihu ya fita.

Da la'asar Asiya ta kunna Ja'iri. Ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, ya kife. Ta sake. Ya kife. Ko sakan uku bai yi ba.

Nan ta dafe kai. Ashe adon nan da ta raina shi ne nauyin da ke sama, shi yake sa abin ya karkata a hankali har tayoyi su samu damar tare shi. Yanzu faɗuwarsa ta fi ƙarfin ƙananan injinan da ke juya tayoyin. Duk lambobin da ta yi sati biyu tana nema sun tashi aiki.

Ta sauya lambobi har idonta ya yi yaji. Ta ɗaura masa kwaɗon ƙofa, ya yi nauyi. Ta ɗaura tsohon batir da kyauro, ya zame gefe. Ta liƙa dutse da salatif, ya yi tsalle ya kusa fasa mata fuskar kwamfuta. Wallahi abin tausayi, yarinya ta daina cin abinci sai Inna ta tsaya a kanta.

Saƙon Khalilu ya shigo a kwana na uku.

"Injiniyata, shiru. Ya jikin yaronmu?"

Ba ta tsaya tunani ba ta rubuta:

"Yaronmu? Ka kashe shi ai. Wa ya tambaye ka shawara? Da ka yi shiru da na lallaɓa Baba na kai shi gidan Gwaggo. Ka tsaya a fangalinka, ka bar abin da ba ka sani ba."

Ta tura. Ta san da hannunta ta kwance kan, ta san ita ce mai karatun ba shi ba, amma takaici bai bar ta ta janye ba. Amsa ba ta zo ba.

Kashegari wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar gida. Naziru ne, ɗan ajinsu, ɗan wani mai kanti a Ungogo, wanda ya daɗe yana bin ta tana zillewa. Ya gaida Malam da ladabi, ya ce batun makaranta ne. Ya nuna mata bidiyo a waya: mutum-mutumi irin nata sak, a tsaye ƙyam, ana ture shi yana dawowa.

"Na yayana ne, da shi ya gama shekara biyu da suka wuce. Yana ajiye a Kano. Ranar gwaji ki ɗauka ki shiga da shi, wa zai sani? Ni kuma kin san abin da nake nema. Ki ba ni izini kawai na turo manya."

Asiya ta kalli bidiyon har sau uku. Ba za a ɓoye ba, ranta ya biya.

"Zan yi tunani," ta ce.

Ta raka shi har bakin mota. Can tsallaken hanya, a kan kunyar albasar wani da yake yi wa aiki, Khalilu na tsaye da fartanya. Ya ga motar, ya ga rakiyar, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aiki. Saƙonsa guda ɗaya ne:

"Na ga baƙo. Allah ya zaɓa miki abin da ya fi alheri."

Ta rubuta amsa ta goge, ta rubuta ta goge. Daga ƙarshe Naziru ta tura wa:

"Na gode. Gara na faɗi da nawa. Kar ka turo kowa."

Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Ba digiri, ba Khalilu.

Abin da ba ta sani ba, tun ranar da saƙonta mai zafi ya shiga wayarsa, Khalilu bai jefar da kan ba. Ya zauna a gindin mangwaron gonarsa ya yi ta juya shi a hannu. Bai san lissafin injiniyoyi ba, amma ya san in ka cire buhu daga gefen jaki dole ka mayar da daidai nauyinsa.

Ya samo sanda miƙaƙƙiya, ya rataya gwangwanin madara biyu a bakinta, ya ɗaure tsakiya da zare, ya tabbatar da tiyonsa cewa ba ta karkata ba. Ya sa kan a gwangwani ɗaya. A ɗayan ya sa wani ƙaton noti na mataccen injin ban-ruwa, tare da ƙusar da za ta riƙe shi. Notin ya rinjaya. Ya ɗauko magagari ya fara gogewa.

Kwana huɗu yana yi, tsakanin wannan fangali da wancan. Ya goge, ya auna. Ya goge, ya auna. Na farko ya zarce da gugar, ya yi sauƙi, ya jefar ya sake wani daga farko. Bayan ya ga motar ma bai fasa ba, ko da yake ranar da ƙyar yake ganin abin da yake gogewa. Da sandar ta tsaya daidai, ya ɗora kan a yatsa ya gano inda nauyinsa ya taru, ya ɗaure notin a ƙusar daidai wannan tsayin.

Sannan ya ɗora kan a dutse ya fasa, ya haƙa rami ya binne.

Bai je ƙofar gidan ba. Bayan sallar azahar ya jira a harabar masallaci har Malam Zubairu ya fito. Ya durƙusa ya miƙa masa ƙullin tsumma.

"Mene ne?"

"Madadin kan ne, Malam. Nauyinsu ɗaya. Ba ido, ba baki."

"Shi kan fa?"

"Na cika umarni yau da safe. Na jinkirta ne don na auna shi, a yafe mini."

Malam ya kwance ƙullin. Ya dubi notin, ya dubi yatsun yaron da duk suka sale.

"Me ya hana ka kai mata?"

"An hana ni ƙofar. Kuma ba sai an ce daga ni ba ne. Ko wa za ta aura, ina so ta ci jarrabawarta."

Malam ya sake ƙulle tsumman. Ya sa a aljihu ya wuce.

Asiya na zaune a soro ta haɗa kai da gwiwa, Ja'iri na kwance a gefe, sai ta ji an ajiye abu a kan katako.

"Ɗaura masa wannan," in ji Malam.

Ta ɗauka. Gefen notin na ƙyalli saboda guga, ƙusar ta shige ramin wuyan kamar don shi aka yi ta. Ba ta tambayi daga ina ba. Warin man inji da taɓon Watari sun gaya mata. Ta mayar da tsofaffin lambobinta, ta jingina, ta kunna, ta saki.

Ja'iri ya yi gaba kaɗan, ya yi baya kaɗan, ya tsaya.

Minti ɗaya. Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Minti uku. Ba mai motsi. Da aka wuce minti biyar, Malam Zubairu da kansa ya tattare babbar riga ya tsuguna, ya miƙa yatsa ya ture shi. Ja'iri ya ja baya, ya dawo ya tsaya a gabansa.

"Ikon Allah," in ji Malam. Ya sake turewa. Ya kuma sakewa.

"Malam, ka bar wa malamanta saura mana," in ji Inna.

Asiya na dariya hawaye na zuba. Ta jawo waya.

"Mai Tiyona, ya tsaya. Minti tara har yanzu bai faɗi ba. Ni ce na kwance kan da hannuna, na ɗora maka laifi. Mai motar kuma tun ranar na sallame shi. Ka yafe mini, don Allah."

Ba a yi minti ɗaya ba amsa ta zo.

"Na yafe tun kafin ki tambaya, sanyin idona. Amma ki sani, na kusa goge yatsana saboda motar nan."

Ranar gwaji, malamai uku suka kewaye tebur a Kano. Ɗaya ya nuna notin da biro ya ce wannan ba ya cikin kayan kwali. Asiya ta ce haka ne, ba ita ta goge shi ba, wani mai daidaita fangali ne a ƙauyensu. Sannan ta ɗauki alli ta cika allo da lissafin dalilin da ya sa nauyin sama ke rage saurin faɗuwa, lissafin da ta koya da hawaye. Suka ture Ja'iri ta gaba, suka ture ta baya. Minti goma sha biyu yana tsaye, sai da babban cikinsu ya ce a kashe shi haka nan, ta ci.

Tana fitowa ta kira gida. Malam ya yi hamdala sau uku, sannan ya ce, "In kin yi waya da ɗan marigayi, ki ce masa ƙofar a buɗe take. Ya turo baffanninsa."

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure a masallacin Unguwar Ɗinya. Wani dattijo cikin dangi ya matso kusa da Malam yana raɗa, wai mai digiri guda a ba ɗan fangali?

Malam bai rage murya ba.

"Yaron da na hana ƙofata bai taka ba, ya zauna kwana huɗu yana goge ƙarfe don 'yata ta ci jarrabawa, alhali yana zaton wani za ta aura. In kana da wanda ya fi shi, kawo shi yanzu kafin a shafa fatiha."

Aka shafa fatiha.

Da yamma, bayan 'yan kai amarya sun watse, Asiya ta ɗaga mayafi tana duba ɗakinta. Sabon daɓe ne, sumul. Ta ciro Ja'iri daga cikin kayanta, ta jingina shi da akwati a ƙasa, ta kunna don tsokana, tana jiran ya ruga ƙofa.

Bai motsa ba.

Ta ɗago ta dubi angon.

"Da tiyo na yi shi," in ji Khalilu, yana sosa ƙeya. "Duk ƙauyen nan shi kaɗai ne daɓen da ba gangare. Na san za ki ƙera wasu."

"To in damina ta zo, ruwa ya shigo fa?"

"Sai na share, Injiniyata. Duk shekara."

Ta rufe fuska da mayafi don kar ya ga idonta, amma ya gani.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya tsayar da gidansu daidai, in rayuwa ta ture su ya dawo da su. Amin.